Ranar da Na Ɗaga wa Yaya Denise Yatsa

Kwanana uku a Silver Spring, Anti Maimuna ta turo ƙofar ɗakin da ta sauke ni, ta tarar ina tsallen igiya a kan kafet, ba takalmi, wai don kada mutanen hawan ƙasa su ji. Ta riƙe ƙugu ta kalle ni sama da ƙasa.

"Talatu, wai da gaske abin da ya kawo ki Amurka ke nan? Mutane na zuwa karatun likita, ke kin zo dukan ƙwallo mai kama da lemon tsami?"

Na ce, "Shi ne, Anti."

"To, Allah ya ba da sa'a. Fito ki ci tuwo, na ƙasan sun riga sun ji ki tun ɗazu."

Anti Maimuna ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Ƙanwar wani ɗan kulob ɗin da Baba yake aiki ce a Kaduna, kuma nas ce a wani asibiti a Washington. Mijinta, Malam Sani, mutumin Maraɗi ne, yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Muryar da na tashi ina ji kowace safiya daga rediyon Baba, sai ga ta a gabana tana cewa in miƙo yaji. Sai da na yi mako guda kafin na iya haɗiye loma a gabansa.

Baba shi ne mai kula da filayen tanis na kulob ɗin. Shekara talatin yana ba jar ƙasa ruwa, yana jan rola, yana share layi, kuma a bayan tsintsiyarsa na koyi wasan. Da na kai ashirin da biyu na rasa wadda za ta tsaya min a Arewa, sai 'yan kulob suka haɗa kai suka tura ni waje. Ƙa'idar tana da sauƙin faɗa. Akwai ƙananan gasanni na mata da ake yi kusan kowane mako a garuruwa daban-daban, kuma 'yar wasan da ta samu maki a gasa uku, sai a sa sunanta a jerin 'yan wasan duniya. Bizata ta wata shida ce. Baba ya ce, "In kin dawo da suna, ki ci gaba da wasanki, mutanen nan za su riƙe ki. In babu, ki rataye raket. An yi min alkawarin gurbin malamar firamare." Ban raina koyarwa ba, amma wallahi ko tunanin rataye raket na yi sai in ji ba zan iya ba.

Gasata ta farko a wani ƙaramin gari ce a kudancin Virginia, tafiyar awa huɗu a bas. Malam Sani ya bugo min taswira a takarda, ya bi hanyar da jan biro. Na zaci zan tarar da tutoci da 'yan kallo. Ina! Filaye takwas ne a bayan wata makaranta, da tanti ɗaya, da tulin ayaba a kan tebur, da 'yan mata barjat, kowacce da jakar da ta kusa fin ta girma, ba mai kallon wata. Na gaida ta farko, na gaida ta biyu. Ta uku ta zare abin sauraron waƙa daga kunnenta ta ce me nake so. Daga nan na kama bakina.

Marasa suna irina ba ma shiga gasa kai tsaye, sai mun yi wasannin share fage guda uku. Wadda ta ci duka ita ce ta samu maki, ta kuma shiga ainihin gasar. A share fagen nan na ga abin da ba wanda ya gaya min. Babu alƙali a kan kujera, babu masu duba layi. Kowacce ita ce alƙalin ɓangarenta. In ƙwallon abokiyar karawarki ta faɗi a waje, ki ɗaga yatsa ɗaya sama. In a ciki take, ki shimfiɗa tafin hannu, ko ki ci gaba da wasa kawai. Alƙaliya ɗaya ce take zagaya filayen duka, sai an kira ta take zuwa, kuma ba ta daɗewa.

A gida ba haka muka saba ba. A jar ƙasa ƙwallo tana barin tabo, in an yi gardama sai mu je mu biyu mu duƙa mu duba, ba wadda ta ce wa wata ta yi ƙarya. Nan kuwa daɓen siminti ne mai fenti. Ƙwallo ta taɓa ta wuce, sai abin da bakinki ya faɗa.

Yarinyar da aka haɗa mu ba ta wuce sha bakwai ba, ubanta na tsaye bayan shingen waya ya harɗe hannu. Duk ƙwallon da na aika kusa da layi sai in ga yatsa ya tashi. Har wadda ta faɗi taku guda cikin fili! Na tsaya ina kallonta, ita ma ta zuba min ido ko ƙiftawa babu. Ni kuma in tata ta faɗi kusa da layi sai shakka ta kama ni, in bar mata. Cikin awa ɗaya ta gama da ni. Na zaga bayan tanti na zauna a kan jakata na sha kukana. Ba yau aka fara cinye ni ba, rainin hankalin ne ya ƙona min rai.

A nan wata doguwar baƙar fata ta gan ni. Tana tsaye bayan wata tsohuwar mota, but a buɗe, tana ɗaura wa raket zare da wani ɗan inji da ta kafa a ciki. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Na ƙirga shida."

Na share ido na ce, "Shida me?"

"Ƙwallo shida ta sace miki. Ke kuma kin ba ta uku kyauta. Daga ina kike?"

Sunanta Denise, haifaffiyar Washington, shekararta talatin da huɗu. Shekara goma sha biyar tana wannan yawon. Ta taɓa hawa sama-sama a jerin, ciwon gwiwa ya sauko da ita, har sunan ya fita gaba ɗaya. Ta ce wannan ce shekararta ta ƙarshe, tana so ta rufe wasa da ƙafarta, ba a gadon asibiti ba. Da ta ji a Silver Spring nake, ta ce in jefa jakata a baya. Na kasa kiran sunanta gatsal, macen da ta ba ni shekara goma sha biyu. Na ce mata mu a wurinmu Yaya muke cewa. Ta gwada kalmar a bakinta, ta yi dariya, ta ce ta karɓa.

Daga ranar ban ƙara hawa bas zuwa gasa ba. Mun yi Pennsylvania, mun yi Carolina, mun gangara har Georgia, ni riƙe da taswira, ita riƙe da sitiyari tana faɗa da manyan motoci. Masu shirya gasa sukan raba 'yan wasa a gidajen mutanen gari, to Yaya ce take shiga gaba ta yi bayanin abin da nake ci da wanda ba na ci. A wani gida an ba ni ɗaki tare da wani ƙaton kare, wai ai ɗakinsa ne tun asali. Na ƙame a bakin ƙofa ina salati. Yaya ta ja shi zuwa nata ɗakin, washegari ta tashi duk gashi a jikinta tana hararata. Ta riƙe lokutan sallata fiye da ni. Da azahar ta yi sai ta ratse gidan mai, ta nemo min gefe mai tsabta, ta jingina da mota tana cin gyaɗa har in idar.

Ita ce ta koya min ɗaga yatsa. A filin ajiye motoci take tsayar da ni, ta yi ta jefa ƙwallo kusa da farin layi.

"Ciki ko waje?"

"Ina jin waje."

"Babu ina jin! Ɗaga hannun, ki faɗa da ƙarfi. Ba roƙonta kike yi ba."

Na koya kuwa, har na iya. Wata 'yar Rasha ta taɓa biyo ni har raga tana zazzare min ido, na ce ta je ta kira alƙaliya in ba ta yarda ba. Yaya na bayan shinge tana tafi kamar an yi mata albishir. Makina na farko a Pennsylvania na same shi. Na biyu sai da na yi wata biyu ina faɗuwa a wasan ƙarshe na share fage kafin ya zo, a wani gari mai zafi da ko iskarsa ba ta shaƙuwa.

Tsakanin gasa da gasa mukan dawo gida. Ran Lahadi Yaya takan ɗauke ni zuwa wurin mahaifiyarta, Mama Loretta, a wani tsohon gida mai baranda a cikin Washington. Tsohuwa ce gajera mai faɗa, ta yi ritaya daga dafa wa 'yan makaranta abinci. Da ta ji ba na cin alade, ba cire naman ta yi daga tukunya ba, tukunya sabuwa ta sayo, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce wannan tawa ce, duk wanda ya taɓa ta zai gamu da ita. Akwai wani ganye da take dafawa har ya yi laushi. Ranar da na fara sa shi a baki, miyar alayyafon Innata ta faɗo min, na ajiye cokali na kasa ci gaba. Ta ƙara min a faranti ta koma kan murhunta.

Kewar gida kam na sha ta. Nakan sayi katin waya a shagon 'yan Afirka da ke ƙasan unguwarmu in kira Baba. Shi ba ya tambayar ko na ci abinci. Tambayarsa ɗaya ce, sau nawa suke ba filayensu ruwa a rana. Da na ce siminti ne, ba a ba shi ruwa, sai ya ce, "To mai filin me yake yi?" Na yi dariya har katin ya kusa ƙarewa.

Haka muka kai watan Satumba da maki biyu a hannuna, saura mako uku bizata ta ƙare. Gasa ɗaya ce ta rage da zan iya shiga, kuma a kusa da gida take, a wajen Sterling, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa har sai an dakata da bugu. Ita ce kuma gasar da Yaya ta zaɓa ta rufe wasa da ita, don Mama Loretta ta samu zuwa.

Da aka manna jadawali a jikin tanti, muka tsaya muna bin sunaye da yatsa. Na ga nawa, na ga nata, na bi layukan har inda suka haɗu. In kowacce ta ci wasa biyu, mu za mu kara a wasan ƙarshe na share fage. Yaya ta yi ɗan fito ta ce, "To, ki fara cin naki biyun tukuna." Na ci nawa. Ita ma ta ci nata, tana ɗingishi.

Da safen ranar ina karyawa, Anti Maimuna na ɗaura agogo za ta tafi aiki, ta ce, "Allah ya ba mai rabo sa'a. Amma dai, Talatu, kin san abin da baiwar Allahn nan ta yi miki."

Malam Sani ya ɗago daga shayinsa ya ce, "Haba Maimuna, kada ki ɗora wa yarinya kaya. Wasa za ta je yi."

"Ni me na ce? Tuna mata kawai na yi."

Ba sai an tuna min ba. A motar Yaya na je filin, raket ɗin da ke hannuna ita ta ɗaura masa zare, ruwan da ke jakata ita ta sa min a ƙanƙara. Mama Loretta ta kafa kujerarta bayan shinge, da laima da kular abinci, ta ɗaga mana hannu mu biyu.

Wasan turmi uku ne, wadda ta ci biyu ta yi nasara. Mun fara lafiya lau, kowacce na riƙe nata. Can sai Yaya ta aiko wata doguwar ƙwallo ta faɗi bayan layi. Ba shakka a ciki, tazarar ta kai yatsa uku, a gaban idona. Na ga kaina na shimfiɗa tafin hannu. Wallahi ban shirya ba, ban zauna na ce zan bar mata ba. Hannun ne ya ƙi tashi. In tsaya a gaban uwarta, da abincinsu a cikina, in ɗaga mata yatsa in ce ƙwallonta ta fita? Mu ba a haka aka raine mu ba. Wanda ya girme ka, ya kuma ɗauke ka ya sauke ka wata huɗu, kara kake yi masa. Na ce a raina ɗaya ce, zan rama ta da gudu.

Ta biyu ta zo, na shimfiɗa hannu. Ta uku ma haka. A ta huɗu na ga Yaya ta tsaya ta daɗe tana kallon inda ƙwallon ta faɗi, sannan ta kalle ni. Na sunkuyar da kai ina gyara zaren raket. Ta cinye turmin farko shida da huɗu.

Ina zaune ina shan ruwa sai na ga ta ɗaga raket sama, alamar kiran alƙaliya. A wurin nan ba a kiran alƙaliya sai ana zargin wata da sata. 'Yan matan da ke jiran wasa suka matso jikin shinge, na ji ana ƙus-ƙus, na ga ana nuna ni da haɓa. Ni Talatu, yau ni ake kallo a matsayin ɓarauniya! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alƙaliyar, wata farar mata mai hular rana, ta iso ta ce me ya faru.

Yaya ta ce, "Ki tsaya ki duba mana layin ɓangarenta."

"Tana fitar miki da ƙwallayen da suka shiga ne?"

"A'a. Shigar min da waɗanda suka fita take yi."

Matar ta kalle ta, ta kalle ni. Ta ce tun da take wannan aiki ba a taɓa kiranta a kan irin wannan ƙara ba. Amma ta tsaya a jikin ƙarfen raga.

Yaya ta matso kusa da ni, ta rage murya, idonta ya yi ja. "Shekara goma sha biyar ina wannan yawo. An cuce ni, an zage ni, an yi min dariya. Ba a taɓa ba ni sadaka ba sai yau, a gaban uwata."

Na ce, "Yaya, ba sadaka ba ce. Girmama ki nake yi."

"Kin ɗauka ba zan iya cin ki da hannuna ba ke nan?"

"Ni ban ce ba."

"Hannunki ya faɗa sau huɗu. Tashi ki yi wasa."

Kai, na ji haushi! Na yi mata abin da ko Innata ta gani za ta sa min albarka, ita kuma ta tara min jama'a. Da wannan haushin na shiga turmi na biyu. Tunda akwai mai duba layi, nauyin ya sauka daga wuyana, na saki hannu. Na san gwiwar da ke mata ciwo, na san ba ta son ƙwallo gajera, don ita da bakinta ta gaya min a mota. Na yi ta jawo ta gaba ina mayar da ita baya. Allah na tuba, ban ji tausayinta ba a lokacin. Na cinye shida da biyu.

Muna tsakiyar turmi na uku rigima ta ɓarke a wani fili can gefe, har da jifa da raket. Alƙaliya ta ce mana ai ta ga komai na tafiya daidai, ta wuce. Muka koma mu biyu.

Yaya ta farfaɗo, ta dawo da irin wasan da ya taɓa kai ta sama. Ban taɓa ganin ta buga kamar na ranar ba, ko ɗingishin ta manta. Muka yi ta jan juna har na shiga gaba biyar da huɗu, ya zama saura ƙwallo ɗaya in gama. Wani jirgi ya taso, muka jira ya wuce. Ta buga, na mayar, ta mayar. Mun yi musayar da ta fi goma, numfashina har ya fara yankewa. Sai ta samu wadda take so, ta saki hannu da dukkan ƙarfinta ta bi gefen layi. Na bi ta da gudu ban kai ba, amma ina kanta lokacin da ta sauka. Bayan layi ta faɗi, tazarar yatsa biyu.

Na ji Mama Loretta ta fara tafi, don daga inda take kamar ta shiga. Hannuna ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Babu alƙaliya, babu wanda ya gani sai ni. In na shimfiɗa hannu ba mai zargina, wasa ya ci gaba, kuma ƙafafuna sun riga sun gaya min ba su da sauran gudu a cikinsu. Na ɗaga yatsa. Na kuma faɗa da ƙarfi, yadda aka koya min.

Tafin ya tsaya. Yaya ta tako a hankali har raga.

"Kin tabbata?"

Tunda nake ban taɓa kallon babba ido cikin ido ba. Ranar na kalla. Na ce, "Na tabbata."

Ta miƙo hannu muka gaisa. Ta tattara kayanta, ta naɗe wa Mama Loretta kujera, ta ɗauki kular da ba a buɗe ba. Ina kallo motar ta fita daga filin. Na zauna a jikin shinge da makina na uku, ba murna ba kuka, har Malam Sani ya tashi daga aiki ya zo ya ɗauke ni. Washegari a ainihin gasar wata 'yar Ajantina ta yi min dukan kawo wuƙa, ko a jikina.

Bayan kwanaki sunan ya fito. Malam Sani ya bugo shi a takarda ya kawo gida, can ƙasa-ƙasa, a shafin ƙarshe, ya karanta shi da muryar labarai har Anti ta rangaɗa guɗa. Na kira Baba. Ya yi ta hamdala, na ji yana gaya wa mutanen da ke kusa da shi. Sannan ya tambaye ni wa na ci a wasan. Na gaya masa duka, ban rage ba. Sai ya sake tambaya.

"A waje ta faɗi?"

"A waje, Baba."

"To, shi ke nan. Kin je kin gaida uwarta?"

Ban je ba. Na kira Yaya sau uku ba ta ɗauka ba, kunya kuma ta hana ni. Amma tunda Baba ya faɗa, na shirya. Anti ta ƙulla min dambun nama da turaren wuta, na hau jirgin ƙasa na Metro, na sauka na hau bas. Mama Loretta na zaune a baranda. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta ce in tashi kada maƙwabta su ce ta fara karɓar bayi. Ta ce Denise ba ta nan, ta fara aikin koya wa yara wasa a wani kulob. Na ce ta yafe min. Ta ce ita ba ta ga inda ƙwallon ta faɗi ba, idonta ya tsufa, don haka ba ta da abin yafewa. Ta zuba min abinci daga tukunyata, ta tambaye ni ranar tafiya da lokacin jirgi. Na koma gida zuciyata ba daɗi.

Ranar tafiya Malam Sani ya ɗauki hutu don ya kai ni filin jirgi. Muna sauko da jakunkuna sai muka ji hon. Tsohuwar motar ce a bakin titi, but a buɗe. Anti Maimuna ta tura ni da gwiwar hannu ta ce, "Je ki, mu ma biyo ku a baya."

Na shiga na ce, "Ina wuni, Yaya." Ta gyaɗa kai ta ja mota. Mun fita daga Silver Spring, mun hau babban titi, mun haye kogi. Sai da allon filin jirgi ya fara bayyana ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Ƙwallon nan ta taɓa layi."

Na juyo. "Yaya, a waje take."

"Gashin jikin ƙwallon ya shafi layin. Na san hannuna."

"Wallahi yatsa biyu ne tsakani. Ni ce a kanta, ke kina can ƙarshen duniya da gwiwa ɗaya."

"Iye! Yanzu har gwiwata ta shigo ciki?"

"Ke kika fara."

"Yarinyar da na tsinta tana kuka bayan tanti!"

"To ai ke kika ce in riƙa faɗa da ƙarfi."

Muka yi ta yi, ta ce na ce, har ta wuce kwanar da za mu shiga, sai da muka zagayo. Su Anti suka riga mu isa suna ta neman mu. Yaya ta sauke min jakar raket da kanta, ta rataya min a kafaɗa, ta gyara min madaurin. Ta rungume ni har sai da na ji ƙasusuwana. A kunnena ta ce, "Ta taɓa."

Ina kuka na ce, "Ba ta taɓa ba, Yaya."